Kilo Biyu da Rabi

"Ba zan hau kwalta da tayoyin nan a haka ba, Shef."

Nazira ta kashe motar ta zare makulli. Sun tsaya daidai inda hanyar yashi ta ƙare, titin Lagdo ya fara. Tun safe suke zagaya ƙauyukan masunta na bakin tafki, kuma kafin su shiga yashin ta rage wa tayoyin iska zuwa kilo ɗaya da kwata, don su baje su daina nutsewa. A lokacin Gaston, shugaban shirin noman shinkafa da take tuƙa wa mota, wanda suke kira Shef, har yaba mata ya yi. Yanzu kuwa agogonsa yake kallo. Manya sun zo daga Yawunde, taro na jiransa a Garuwa.

Ta yi masa bayani kamar yadda aka koya mata a makarantar kanikanci. Taya mai laushi ta yashi ce. A kan kwalta, cikin wannan rana, da buhunan iri cike da bayan mota, gefenta zai yi ta lanƙwasawa yana zafi har ta fashe. Sai an mayar da ita kilo biyu da rabi.

"Kilo, kilo," in ji Gaston. "Nama muke aunawa? Da ma an ce mini babanki mahauci ne."

Ya sauka, ya zagaya, ya kai wa tayar gaba shuri da ƙafa kamar yadda direbobi ke yi a tasha. Ya ce ƙalau take, shekara ashirin yana yawo a wannan hanya bai taɓa ganin mai ɗora wa taya ma'auni ba.

A gefen titi akwai rumfar mai faci, amma injinsa na ɗaure da sarƙa. Wata mai sayar da bandar kifi ta ce ya tafi Juma'a, kuma in ya tafi sai ya ci abinci a gida yake dawowa. Ƙaramin injin iska na motar ya lalace tun watan jiya, Nazira ta faɗa a gareji an ce za a duba. Abin da ya rage shi ne famfon hannu da ke ƙarƙashin kujera.

Ta ba shi zaɓi biyu: ko ya jira ta buga, ko su yi tafiyar kunkuru har garin Ngong, inda za su sami wani mai faci. Ya ce bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya tuna mata, da murya ƙasa-ƙasa, cewa har yanzu gwaji take yi, kuma kalmarsa ake jira a ƙarshen wata. Ya ƙara da cewa shi ne ya tsaya mata lokacin da kowa ya ce mace ba za ta iya tuƙa kat-kat, babbar motar daji, ba.

Madam Léontine, ma'aikaciyar gona da ke kujerar baya, ta leƙo ta ja hannun rigarta.

"'Yata, kunna kawai," ta raɗa mata. "Ki riƙa jan ƙafa, ki ce masa motar ce ba ta da ƙarfi. Haka muke zaune da su."

Nazira ta san dabarar za ta iya aiki. Ta kuma san da zarar sun hau titi Gaston zai yi ta cewa ƙara wuta, ita kuma za ta yi ta ƙarya har Garuwa, kamar yarinyar da ta fasa tulu. Ba don haka ta sha ranar gareji shekara da shekaru ba, maza na yi mata dariya.

"Mama, ban iya ba," ta ce. Ta durƙusa ta jawo famfon.

Gaston ya taka zuwa kwalta. Ya tsaya bakin titi ya ɗaga hannu. Wata ƙaramar bas ta tsaya, ta karkace saboda lodi, tayoyinta sun suɗe har zare ya fito. Ya cusa kansa tsakanin kwandunan kifi. Léontine ta ajiye wa Nazira gorar ruwanta a kan kujera ta bi shi.

Famfon na keke ne da ya ɗan girma. Tayar farko ta sha bugu kamar ba ta ji. Nazira takan buga har numfashinta ya sarƙe, ta ɗora ma'auninta, wanda ta saya da kanta tun tana makaranta, ta ga allurar ta ɗan motsa kawai. Ƙarfen ya yi zafi, ta naɗe shi da gefen mayafinta. A taya ta biyu tafin hannunta ya ɗuri ruwa. A ta uku kumburin ya fashe. Mai kifin ta daina kallonta da mamaki, ta koma kallonta da tausayi, wanda ya fi ciwo.

"Mijinki ne ya tafi ya bar ki?"

"Maigidana ne a wurin aiki."

"To, duk ɗaya ne," in ji matar, ta ci gaba da korar ƙuda.

Tana kan taya ta huɗu mai facin ya dawo yana sakace. Ya kwance sarƙa, ya tayar da inji, ya cika ragowar kafin ta gama shan ruwa. Ya kai wa tayar shuri ya ce ta yi. Nazira ta ɗora ma'auni, ta sassauta bawul kaɗan, har allurar ta zauna inda take so.

Ta tuƙa da yatsu, don tafin ba ya riƙe sitiyari. Duk kwanar da ta sha sai ta duba gefen hanya, tana tsoron ganin bas ɗin nan a kife. Can ƙasan ranta akwai wani abu da ke son ta gan ta tsaye da fasasshiyar taya, kowa lafiya, Gaston na tsaye cikin rana. Ba ta ga komai ba sai shanu da gonakin auduga.

La'asar sakaliya ta haye gadar Binuwai. A harabar ofis ta tarar an tashi daga taro, Gaston na raka baƙi yana dariya, rigarsa na ɗan warin kifi. Ya iso a kan lokaci. Ko kallon inda take bai yi ba.

Malam Idrisa, shugaban gareji, ya zo ya miƙa hannu. Ya ga tafinta, ya kawar da kai.

"An ce in karɓi makulli, Nazira. Ba sai kin jira ƙarshen wata ba."

Ta ba shi. Ta ɗauko ma'auninta daga aljihun mota ta sa a jaka, ta gaya masa injin iska har yanzu yana jiran gyara. Sannan ta fita bakin ƙofa neman ɗan babur.

Tayoyi huɗu sun iso Garuwa lafiya, kowace da kilo biyu da rabi. Ita kuwa ta rasa aikin, kuma sai ta yi kwanaki kafin ta iya damƙa ko da cokali.