Filastar Idon 'Yata

"Mama, da gaske Goggo kunyar a gan ta da ni take ji?"

'Yata ta yi tambayar nan ne a falo, a gaban Goggon, yayar mijina. Mai hoto yana tsaye da kyamara, yaran dangi sun jeru a doguwar kujera.

Idon 'yata na hagu ba ya gani sosai. Likita ya ce a riƙa rufe na daman da filasta har la'asar, don na hagun ya koyi aiki tun tana ƙarama.

Goggo ta yi dariyar yaƙe. "Ji min yarinya da baki! Ke matarmu, cire mata abin nan, na yau kaɗai. Hoton dangi ne fa."

Jiya maƙwabciya ce ta ce na yau kaɗai, shekaranjiya malamarsu. Kuma na san 'yata, idan aka ɓare, sai an sha kokawa kafin a mayar.

Na dubi mijina, ya sunkuya yana latsa waya.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba zan cire ba," na ce.

"To, a fitar da ita daga layi."

Na zauna a tsakiyar kujerar, na ɗora 'yata a cinyata.

"Malam, ɗauka," na ce.

Ya ɗauka. Har yau Goggo ba ta amsa gaisuwata, amma idon ya fara gane haruffa.

Ke uwa, ki kiyayi mai ce miki "na yau kaɗai". Shi gidansa zai tafi, ya bar ki da abin da ya biyo baya.