Gishiri a Wuyan Kwalba

Marisela ta murɗa murfin kwalbar rabi ke nan sai ta ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsunta, kamar yashi ya shiga bakin.

"Sela, kar ki motsa."

Dwight ne, tsohon da ya fi kowa daɗewa a ɗakin gwajin kamfanin man na'a-na'a. Shekara shida suna aiki tare, ba ta taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa haka ba.

"Mene ne kuma, Tsoho?"

"Dubi wuyanta. Da ido kawai."

Ta duba. Wani farin abu kamar gishiri ya zagaye gindin murfin. Ta san shi. Ruwan ether, sinadarin gwajin mai da ke cikin kwalbar, in ya shekara da shekaru a ajiye yana shan iska, shi yake haifar da wannan gishirin, kuma 'yar gogayya ko zafi ta ishe shi ya tashi da hannun mutum har da tagar ɗakin.

"Na shiga uku," ta ce.

"Ba ki shiga ba tukuna. Ina kika tono wannan kakar tawa?"

"Can ƙuryar kabad. Sabon bai iso ba, ga man manoma yana jiran gwaji."

Dwight ya ninke tawul ya shimfiɗa a kan teburin. Ya ce ta saki murfin yatsa ɗaya-ɗaya, ta sauke kwalbar kamar tana kwantar da jariri mai saurin farkawa. Tazarar ba ta kai taƙi biyu ba, amma kafin gindin kwalbar ya taɓa tawul gumi ya jiƙa bayan rigarta sharkaf.

Suka fita da sanɗa. Dwight ya buga ƙararrawar gobara, ma'aikata suka taru a wurin ajiye motoci, wasu na murnar samun hutun safe. 'Yan kwana-kwana suka ce sai nan da minti ashirin.

"Kin ci bashin rai yau, yarinya," in ji Dwight. "Ranar Lahadi ki kunna wa waliyyanki kyandir biyu a coci, ɗaya nawa."

Ba ta yi dariya ba. Wani abu ne ya faɗo mata a rai.

"Dwight. Kwalaben biyu ne."

Ya juyo.

"Ta farkon ba ta yi gardama ba. Na juye ta a tulun gilas na ɗora a murhun lantarki, don in tace ta. Tun tara."

"Kin tsoma takardar gwajin mugun abin kafin ki ɗora?"

Ta girgiza kai. Aikin daƙiƙa goma ne, kuma ita ce ke yi wa sabbin ma'aikata faɗa a kansa.

Ya dubi agogo. Goma saura kwata. Su biyun sun san abin da ke faruwa a ciki: ruwa mai kyau yana tashi tururi yana ɗiga a wani tulun, mugun abin yana zaune a gindi yana ƙara kauri. Tulun na bushewa, shi ke nan. Ga kwalba ta biyu a kan tawul, ga gangunan mai a bayan bango.

Akwatin kashe lantarki yana cikin lungu, dab da ƙofar ɗakin. Dwight ya nufi ginin yana jan ƙafa, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da mutuwa. Marisela ta wuce shi da gudu.

"Sela! Dawo nan, ja'ira!"

Lungun ya yi mata tsawo. Ƙararrawa na huda mata kunne. Ta fizge marfin akwatin, ta kama babban makunnin da hannu biyu ta ja ƙasa. Fitilu suka ɗauke.

Ta leƙa ta gilashin ƙofar. Ruwan yana tafasa har yanzu. Ɗigo, ɗigo. Ta tsaya tana kallo har kumfar ta fara kwanciya, ɗigon ya fara jinkiri.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu.

"Nawa ya rage?" in ji Dwight, yana haki.

"Kamar yatsa biyu."



"Ya isa. Fito."

Ta juya za ta tafi, ƙafafunta suka ƙi. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango.

"Tsoho, na kasa tashi. Zo ka ɗauke ni."

"Da wace gwiwar?" ya ce. Amma ta ji an turo ƙofar waje.