Yunwar Kakannin Wani

Abukari Kassim ya faɗi jarrabawar zama ɗan ƙasar Amurka da maki ɗaya. Tambaya goma aka yi masa, ana neman bakwai, ya ci shida. Cikin huɗun da ya rasa, biyu mantawa ya yi. Sauran biyun ya san amsarsu kamar yadda ya san sunansa, ya ƙi faɗa.

Ranar Talata ce, 26 ga Nuwamba 1996, kwana biyu kafin bikin godiya da Amurkawa ke yi da naman talotalo, a hawa na bakwai na ofishin shige da fice da ke ƙasan Manhattan. Abukari yana da shekara hamsin da huɗu a lokacin. Ɗan zangon Kumasi ne. Ya shigo New York a 1980, ya sami takardar zama a afuwar da aka yi wa marasa takardu a ƙarshen shekarun tamanin, yana da rumfa a Canal Street inda yake sayar da laima idan ana ruwa, safar hannu da hular sanyi idan ana ɗari. A unguwar Highbridge yake haya, ɗaki biyu da falo a hawa na biyar, kuma duk wanda ya sauka daga jirgi da Hausa a bakinsa ba shi da wurin kwana, can ake tura shi. Shi ya sa ba a kiransa da suna. Maigida ake ce masa.

Abin da ya kai shi ofishin ba son jefa ƙuri'a ba ne. A 1992 ya je gida ya auri Habsatu, suka sami 'ya, Amal, wadda sau biyu kacal ya taɓa ɗauka a hannu. Matar mai takardar zama layi take bi na shekaru kafin a ba ta biza. Matar ɗan ƙasa ba ta bin wannan layin. Lauya ya faɗa masa haka cikin minti biyar, ya miƙa masa ɗan littafi mai tambaya ɗari da amsoshinsu.

Malam Rufa'i ne ya ɗauki nauyin koya masa. Bakano ne, tsohon malamin tarihi a wata sakandare, yanzu direba a wani ofishin jakadanci. Duk Lahadi bayan la'asar sai ya hau benen nan yana haki, ya zauna, ya buɗe littafin. Abukari ya yi karatun allo, hadda ba ta ba shi wahala. Cikin wata biyu ya san launukan tuta, adadin taurarinta, da sunan jirgin ruwan da ya kawo Turawan Ingila na farko gaɓar Plymouth. Da Rufa'i ya tsaya a abin da littafin ya rubuta, da an gama lafiya. Amma malamin tarihi ne wanda ya shekara bakwai yana tuƙi, bai sami ɗalibi ba.

"Tambaya ta gaba, Maigida. Me ya kawo mutanen jirgin Amurka?"

"Neman 'yancin addini."

"Ka san ma'anarsa kuwa? Tsangwamarsu aka yi. Sarkin garinsu ya matsa musu, suka gudu Holan, can ma zama ya ƙi, suka hau ruwa."

Abukari ya ajiye kofin shayinsa. "Wato korarru ne?"

"Kusan haka. Mutum ɗari da biyu. Suka sauka tsakiyar sanyi, irin wannan da kake sayar wa safar hannu, ba gida ba gona. Suka tarar da masarar da masu ƙasar suka binne don iri, suka tone suka kwashe. Kafin sanyi ya wuce rabinsu sun mutu. To, wa ya taimake su?"

"Littafi ya ce Indiyawa."

"Masu ƙasar ke nan. Suka koya musu shuka masara, suka nuna musu inda kifi yake, suka kawo nama aka ci tare bayan girbi. Shi ne bikin talotalon nan."

"Daga baya fa?"

"Daga baya ka duba taga, ka nuna mini gidan Ba'indiye ɗaya a layin nan."

Abukari bai duba taga ba. Ya daɗe yana kallon littafin. Mahaifinsa mai masaukin fatake ne a Kumasi, shekara arba'in yana saukar da masu goro da masu shanu, kuma doka ɗaya ce a gidan wadda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Wanda ya zo maka da yunwa, ka ciyar da shi, ka manta. Akwai attajirin da ke da motocin haya talatin a garin wanda a da ya shigo gidan ba takalmi. Ranar da wani ƙanin mahaifin ya ambaci haka a wurin suna, a ranar ƙanin ya kwashe kayansa ya bar gidan, bai sake kwana a cikinsa ba.

"Malam," in ji Abukari, "wannan ai gori ne."

"Tarihi ne."

"A ce in zauna gaban mutum, a ofishinsa, a garinsa, in ce masa an tsangwami kakanka daga gida, ya zo ya saci iri, wasu suka ciyar da shi? Ku Kanawa haka kuke yi?"

"Mu Kanawa idan aka tambaye mu muna ba da amsa. Su suka buga littafin, Maigida. Su suke yanka talotalo a kai duk shekara."

"A tsakaninsu. Mutum yana iya faɗin yunwarsa. Ba ya son ji a bakin baƙo."

Rufa'i ya yi dariya. "Ni fa? Wata biyar na yi ina kwana a ƙasan falon nan a tamanin da tara, ina cin wake da shinkafarka. Ka faɗa mini mana, ka ga ko zan mutu."

"Ban tuna ba," in ji Abukari.

"A nan, kusa da hitar ɗumama ɗaki."

"Mutane da yawa suna wucewa. Karanta ta gaba."

Rufa'i ya karanta ta gaba. A lissafinsa, tambaya biyu cikin ɗari ba abin tayar da hankali ba ne.

Ranar jarrabawa Abukari ya sa kwat, ya isa awa biyu kafin lokaci. Jami'in da ya kira shi Bature ne mai sanƙo, zai kai shekara hamsin, mai fara'a. A kan teburinsa akwai talotalo na takarda, irin wanda yara ke yankawa a makaranta, an ɗora masa doguwar baƙar hula irin ta mutanen jirgin. Abukari ya ga hular, ya ga launin mutumin, ya haɗa lissafi: wannan jikansu ne.

Da Turanci aka yi komai. Takwas na farko suka tafi da sauri. Ya ci shida. Adadin gyare-gyaren da aka yi wa tsarin mulki ya ɓace masa, sai kuma shekarun da sanata ke yi a kujera, ya ce huɗu. Jami'in ya duba takardarsa, ya duba furfurar da ke gabansa.

"Ɗaya kake nema, saura biyu," ya ce. "Tunda makon biki ne, bari in ba ka masu sauƙi. Me ya kawo mutanen jirgin nan Amurka?"

Abukari ya ji amsar ta zo har kan harshensa. Ya tuna Amal a hoton da ke aljihun kwat ɗinsa. Ya kuma dubi mutumin da ya yi masa murmushi tun shigowarsa, wanda bai yi masa laifin komai ba.

"Ganin ƙasa suka zo, yallaɓai. Mutane ne masu son tafiya."

Jami'in ya ɗaga gira. "Ganin ƙasa?"

"Da kasuwanci kaɗan."

"To. Ta ƙarshe. Wannan ɗana mai shekara shida ya san ta. Wa ya taimake su da suka iso?"

A nan Abukari ya tabbatar da abin da yake zargi. Ba a kawo wa dattijo tambayar da yaro ɗan shekara shida ya sani don a gwada iliminsa. Tarbiyyarsa ake gwadawa. Ƙasar da za ta ba ka 'ya'yanta su zama 'yan'uwanka tana da haƙƙin sanin ko kai mai tonon asiri ne.

"Allah ne ya taimake su, yallaɓai."

Jami'in ya yi dariya. "Ba na musu. Ban da Shi fa?"

"Ba su buƙaci kowa ba. Da guzurinsu suka zo."

Jami'in ya ajiye alƙalami. Ya ɗaga yatsu biyu a bayan kansa kamar gashin tsuntsun da Indiyawan ke sawa a kai, ya jira. Abukari ya sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi idan babban mutum ya yi abin da bai kamata a gani ba.  Sannan jami'in ya cike wata takarda, ya sa hannu, ya yi masa bayani a hankali: za a sake kiransa cikin kwana casa'in, kuma idan ya sake faɗuwa an rufe fayil ɗin, sai ya faro daga farko. Ya raka shi har ƙofa, ya yi masa fatan shan biki lafiya. Abukari ya sauko a lif yana ganin, duk da takardar, sun fahimci juna.

Ranar Lahadi Rufa'i ya saurari labarin a tsaye, bai ko cire rigar sanyi ba. Ya karɓi takardar, ya karanta har ƙasa, inda sunan jami'in yake.

"Zielinski," ya ce. "Maigida, ka san mutanen ina ke da wannan sunan?"

"Bature ne."

"Ɗan Polan ne. Kakansa ƙila da akwatin kwali ya sauka a garin nan, shekara ɗari uku bayan jirginka. Ba shi da ko gashi ɗaya a cikin mutanen da ka rufa wa asiri. Ka bar matarka a Kumasi don kunyar wanda ba abin da ya haɗa shi da zancen."

Abukari ya ƙura wa takardar ido. Rufa'i ya zaci nadama ce, ya fara sassauta murya.

"Wato shi ma baƙo ne," in ji Abukari.

"Kamar ni da kai."

"Baƙo, ya zauna a ofishin masu gida, yana cin albashinsu, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana sa su faɗi yunwar kakannin masu gidan." Ya girgiza kai. "Ashe ba shi da tarbiyya. Da fara'arsa."

"Masu gidan ai Indiyawa ne, in gaskiya ake bi."

"To su an ji sun yi gori?"

Rufa'i ya cire rigar sanyin, ya zauna, ya nemi shayi.

Habsatu ba ta da waya a gida. Akwai shagon buga waya a bakin zango inda ake kiranta ranar Lahadi, ta zo ta jira a benci. Abukari ya kankare katin waya, ya buga, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa har akuyar maƙwabta. Sannan ya faɗa mata, bai rage komai ba, don ba ya yi mata ƙarya.

"Maigida, tsaya in gane," ta ce. "Mutanen nan da suka ji yunwa, 'yan'uwanka ne?"

"A'a."

"Suna raye?"

"Sun kusa shekara ɗari huɗu da rasuwa."

"Su suka roƙe ka ka rufa musu asiri?"

"Ba a roƙon irin wannan, Habsatu."

Layin ya yi ƙara, muryar wata mata tana magana da yaren Tiwi ta ratso ta wuce.

"Jiya Amal ta nuna wani mai gyaran rediyo a kasuwa ta ce Baba," in ji Habsatu. "Na ce ba shi ba ne. Ta ce to wanne ne. Wannan kunyar wa zai rufa mini?"

Abukari ya buɗe baki, katin ya ƙare.

Tun daga nan darasin Lahadi ya koma tambaya biyu. Adadin gyare-gyare da shekarun sanata ya gyara su a rana ɗaya. Sauran biyun ya yi ta kawo shawarwari. Ko zai iya cewa maƙwabta ne suka ɗan kama musu? Rufa'i ya ce a'a. Ko zai iya faɗin amsar ya ƙara da cewa kowa yana iya shiga irin wannan hali? Rufa'i ya ce yana iya ƙara duk abin da yake so, har wa'azi, muddin kalmar ta fara fita. Ko zai iya rubutawa a takarda ya miƙa a kife? Rufa'i ya ce da baki ake yi. A azumi, da Rufa'i ya jefa masa tambayar ba shiri, Abukari ya ce, "Ka san na sani," ya tashi ya tafi alwala.

Wasiƙar kira ta biyu ta iso a ƙarshen Janairu. Ta sa ranar Talata, 11 ga Fabrairu 1997, ƙarfe tara da rabi na safe, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah. Ta lissafa takardun da zai zo da su, ta ja layi a ƙarƙashin gargaɗin cewa wannan ce dama ta ƙarshe. Ba ta faɗi tambayoyin da za a yi ba, ba ta kuma faɗi sunan wanda zai yi su ba.