Matar da Ba Ta Shige Ɗaki Ba

"Za a hau sama! Mata a shige ɗaki, za a hau sama!"

Mai shelar unguwa ke nan yake bin lungunan Madabo, ni kuwa ina gindin sabon ƙarfen sabis ina ɗaure bel a ƙugu. A cikin birni ko magini zai hau katanga sai an sanar da maƙwabta, balle mu da za mu hau abin da ya ɗara hasumiyar masallaci. Tun kafin a haƙa rami mai unguwa ya ja mana kunne.

"Idonku a kan aikinku. Abin da ido ya gani bisa kuskure, baki ya haɗiye shi."

Muka ce mun ji, mun ɗauka.

Sunana Gali. Na daɗe ina hawan ƙarafan kamfanonin waya, amma ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Lungun ko Adaidaita ba ta shiga. A bakin titi aka sauke kaya, ƙarfen da ya ƙetaro teku daga wata duniya ya ƙarasa tafiyarsa guntu-guntu a kafaɗar 'yan dako. Ogammu, Injiniya Abdulmalik, mutum ne mai son ba da labarin kuɗin da ba nasa ba.

"Gali, wannan farantin da za ka ɗaura, in ya suɓuce maka, gidanku da na surukanka ba za su biya shi ba. Kuma irin ƙarfen nan dubbai ne a ƙasar nan, kowanne da janaretansa, da tankin gas ɗinsa, da maigadinsa. Shekara ta zagayo a sake zuba wasu biliyoyin. Duk don kar wani ya kira wani bai samu ba."

Na riƙe baki. Ai ni abin da ya fi ɗaure mini kai ɗakin batir ne. Har esi aka sa masa! Mu muna tsiyayar gumi a tsakiyar bazara, batir yana kwance cikin sanyi kamar ango.

Na yi bismillah na kama hawa. Ina ƙara sama Kano tana buɗewa. Dala ta fara leƙowa, sai Goron Dutse, sai ragowar badala tana jan jiki tsakanin gidaje. Can sama iska ta canza, shirwa ta wuce ta ƙasana, na ga bayanta. Tsakar gidaje ɗaruruwa a shimfiɗe, duk an watse: tukunya a kan murhu ba mai ita, taɓarya jingine da turmi, shanya tana kaɗawa. Na ce Subhanallahi, wai nan gaba kaɗan muryar duk mutanen nan ta saman kaina za ta riƙa bi.

Sai idona ya faɗa kan mutum ɗaya.

Gidan Alhaji Jibril ne, wanda ya ba kamfani hayar tsohon garkensa aka kafa ƙarfen. A can ƙurya, a wani ɗan tsukuku tsakanin bayan ɗakuna da katanga, wata mata tana zaune kan tabarma cikin rana, ta ɗago fuska tana kallona. Na kau da kai da sauri, ina cewa a raina wannan taurin kai ya yi yawa.

Da na sauko wajen tsayin bene don ƙara ɗaure wasu notuna, sai na ji murya.

"Malam mai hawa, sannu da aiki. Na ji shelar fa. Ka yi haƙuri."

Ta ɗaga ƙafarta ta nuna mini. Sarƙa ce, an ɗaure ta da kwaɗo a wani ƙarfe da aka kafa cikin siminti. Inda ta zauna a idon sawun har ya yi fari.

Hannuna ya saki sifana, Allah ya sa a ɗaure take.

"Me ake gani daga can?" ta tambaya, kamar muna hira a ƙofar gida.

Ban san lokacin da na fara faɗa mata ba. Na ce ga Dala, ga rumfunan Kurmi, ga wata gada da motoci ke bi ta kan motoci.

"Ta kan motoci? Ikon Allah!" Ta tafa hannu tana dariya. "To Ƙofar Dawanau fa, ana hango ta? Ɗana yana wajen, a hannun dangin ubansa. Da aka ɗauke shi ko zama bai fara ba. An ce yanzu ya shiga makaranta."

Kafin in amsa ta juya tana yi wa katanga faɗa, wai ta daina sa mata baki. Can ta sake ɗaga kai, ba ni take kallo ba, sararin sama take kallo.

* * *

Maigadin ƙarfen ne ya ba ni sauran labarin, murya ƙasa-ƙasa. Sunanta Bahijja, ƙanwar Alhaji ce uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan haihuwa ciwon taɓin hankali ya kama ta, miji ya sallamo ta. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, da ta fara fita titi ba mayafi aka sa sarƙa.

Injiniya da ya ji ina shirin zuwa wajen Alhaji ya dafe kai.

"Gali, haya muke a nan. Ka san kuɗin da aka binne a wajen nan kuwa? Mutumin nan ya fusata ya kai ƙara cewa muna leƙen iyalinsa, kai za a fara sallama."

Na san gaskiya ya faɗa, ina da iyali. Amma wallahi matar nan ta ƙi fita daga raina. Washegari bayan la'asar na yi sallama a zauren Alhaji Jibril.

Dattijo ne mai fara'a, har ruwan sanyi ya sa aka kawo mini. Ina fara magana fara'ar ta ɗauke.

"Wato abin da kuke yi a sama ke nan."

"Alhaji, ban leƙa ba, ita kaɗai ce a fili. Ciwon nan yana da magani. Matar wana ta yi irinsa, aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, yanzu ita ke ɗinkin unguwarsu."

"Dawanau?" Ya maimaita a hankali. "A ce jinin gidan nan yana Dawanau? Yaro, 'yammata gare ni a gaba. Wa zai zo neman aure gidan da aka ce akwai hauka? Kana ganin ba na son ta ne? Ni na goye ta."

Idonsa ya kawo ruwa.

"Ko dabba ba a bari a ranar nan, Alhaji."

Ya ja carbinsa. Sannan ya nisa.

"Ka faɗi gaskiya. Ba daidai ba ne a riƙa ganinta haka. Za a gyara, in sha Allahu."

Na fito kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. A hanya har ina ayyana ta a gadon asibiti, ƙafa a sake, an kawo mata ɗanta da kayan makaranta.

* * *

Sai farkon damina aka sake turo mu Madabo duba faranti. Ƙarfen ya fara aiki, unguwa kowa na yabon sabis. Aka yi shela, mata suka shige. Ban tsaya kallon Dala ba, ina kai tsayin bene na juya.

An rufe tsukukun da sabon kwano, daga bayan ɗakuna har katanga, ko tafin hannu ba a bari ba. Aiki mai kyau, na ƙwararren kafinta. Ƙyallinsa har kashe ido yake.

Na tsaya rataye a jikin bel, ina roƙon Allah ya sa ba kowa a ƙarƙashi. Na ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfe kamar mai aiki.

Sarƙa ta motsa.

"Malam mai hawa, kai ne?"

"Ni ne," na ce, da ƙyar.

"Don Allah duba mini. Akwai hadari?"

Na dubi gabas. Ya haɗu baƙi ƙirin tun daga ƙasa, walƙiya tana tsaga shi, inuwarsa tana cinye birnin unguwa bayan unguwa. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamarsa ba.

"Akwai. Babba ma."

"To madalla," ta ce. "Ai zan ji shi a kwano."