Bidiyon Bakin Tanda

Shekara uku wani bidiyo yana riga Dogo isa duk inda ya je neman aiki. A ciki ga shi nan gaban tandar gidan burodi yana tangaɗi, harshe ya karye, tire ya suɓuce masa. Sukarin jininsa ne ya faɗi ranar, amma wanda ya ɗauka ya rubuta "mashayi", ya maƙala sunansa. Duniya ta yi dariya ta wuce, aka bar shi da abin.

Ran da yayarsa ta ji a rediyo an yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin sada zumunta goge abin da aka ɗora na mutum ba da izininsa ba, sai ta same shi a ɗaki yana kwakkwance wata fanka da lafiyarta ƙalau.

"Tashi mu je ofishin nan da suka ce a kai ƙorafi."

"Yaya, magana zarar bunu ce. Abin da ya hau waya ba ya sauka."

"In ji wa? Masu wayar? To da me kake so su ce? Bunun ma na ga an mayar, mai rufi ake kira. Sa hula, kai kamar ƙwarya a kife."

A ofishin, wata ma'aikaciya mai tabarau ta kunna bidiyon. Dogo ya sunkuyar da kai yana jiran dariya. Ba ta zo ba.

"Haka mahaifina yake yi in ya yi allura bai ci abinci ba," ta ce. "Ba zan ruɗe ka ba, malam. Wanda ya adana a wayarsa, hannunmu bai kai aljihunsa ba. Amma kamfanin zai sauke."

"Dole, ko don Allah?" in ji Yaya.

"Dole, Mama. Akwai tara."

"Yauwa. Wannan yaren suke ji."

Bayan 'yan makonni Dogo ya tsaya gaban mai wani sabon gidan burodi, mutum mai tumbi, gari har gira. Kamar sauran, ya zaro waya ya rubuta sunan. Dogo ya san wannan gaɓar, nan fuska take sauyawa. Mutumin ya ja allon sama, ya ja ƙasa, sannan ya juyo masa da shi. Hoton wani burodi ne mai kitso da Dogo ya taɓa ɗorawa da kansa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

Da ya so, da ya tsaya nan. Amma yau babu wanda ya riga shi magana.

"Maigida, ina da ciwon sukari. In ka ga ina tangaɗi, a ba ni abu mai zaƙi, shi ke nan."

Mutumin ya waiwayi buhunan sukarin da ke jingine da bango.

"A nan? Ka faɗi inda ya dace. Wanke hannu, kwaɓin can ya tashi."