Kwamfutar da Tasi'u Ya Haɗa a Ɓoye

Tasi'u ɗan Hajiya Kulsum ba mugun hali gare shi ba, gajiya ce ta yi masa yawa. Wuni yake yi a tashar jirgin ruwa yana bin takardun kwantena daga wannan taga zuwa waccan, ya dawo Zongo ƙafa a kumbure. Burinsa bai wuce ranar Lahadi ya rufe ƙofa ya buga wasan ƙwallo a kwamfuta ba, kada kowa ya kira sunansa.

Ya je unguwar Hanoukopé shagon abokinsa Samir mai sayar da kwamfuta. Samir ya dafa wata haɗaɗɗiyar kwamfuta tana cikin kwalinta.

"Ɗauki wannan, ka jona wuta kawai. Kai da kake gyangyaɗi a bayan babur ɗin ɗan zemijan, ina kai ina haɗa inji?"

"Ka san gidanmu kuwa? Kwali irin wannan ya shiga, kafin la'asar yaran unguwa sun cika mini ɗaki, manya kuma su yi layi a rubuta musu takardar neman aiki."

Sai ya zaɓi wahala, ya riƙa shigo da sassan kwamfutar ɗaya-ɗaya a ɓoye. Yau katin hoto a aljihun riga, gobe 'yar fanka a ƙasan ledar burodi. Akwatin ƙarfen ma a buhun gawayi ya shigo da shi. Lahadi bayan Lahadi yana durƙushe da sukudireba, gumi har gemu, ya ɗaura ya kwance, inji ya ƙi tashi. Ya kira Samir, Samir ya yi masa dariya har da tari, sannan ya ce ya duba wayar da ya juya baibai.

Ranar da kwamfutar ta kama aiki, mahaifiyarsa ta turo ƙofa da kwanon koko. To, kun san Hajiya ba ta san sallama a ɗakin ɗanta ba.

"Wannan fa, daga ina?"

"Ni na haɗa, Inna. Don Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Ni? Wa zan faɗa wa?"

Washegari akwai suna a unguwar Agbalépédo. Mata suka zauna kowace tana yabon nata: wannan ɗanta yana Faransa, waccan 'yarta ta gama makaranta. Hajiya ta daure, ta daure, har aka raba goro. Sai ta gyara mayafi.

"Nawa dai da hannunsa yake ƙera kwamfuta. Ba abin wutar da ya gagare shi."

Lahadi da safe Tasi'u ya zauna ke nan, 'yan wasa sun fito fili a allon kwamfuta, sai ga sallama. Goggo Batul ce rungume da injin markaɗe. Bayanta Malam Ilyas da dutsen guga, bayansa wata da bai ma taɓa gani ba, da rediyo ɗaure a ɗankwali.

"Injiniya, sannu da hutawa," in ji Goggo. "Tun azumi ya daina juyawa. Ba sauri nake ba, zan jira."

Ta shimfiɗa zaninta a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Tasi'u ya kashe kwamfutar, ya sa hannu biyu ya karɓi injin.