Katin Kantin Vogelsang

A garinmu, can yammacin Pennsylvania, duk wanda ya haura saba'in ka tambaye shi inda ya sayi kayan aurensa, ɓata bakinka kake yi, amsar ɗaya ce: kantin Vogelsang. Bene ne hawa huɗu a tsakiyar gari, da ƙaton agogo a goshinsa wanda ma'aikatan masana'antar ƙarfe ke saita nasu da shi. A can Dolores Pawlak ta sayi rigar aurenta, a can ta sayi gadon ɗanta na fari, a can kuma mijinta Stosh ya karɓi katin bashi na farko a rayuwarsa, ɗan kore mai sunan kantin da ruwan zinare.

Shekarar dogon yajin aiki, wata bakwai ba albashi, Stosh ya hau benen nan da hularsa a hannu don ya ba da haƙuri kan bashin katin. Tsoho Vogelsang, mai kantin, ko takardar bashin bai duba ba. Ya ce, "Pawlak, ranar da hayaƙi ya sake tashi a masana'anta ka zo mu yi magana. Yaranka suna da rigunan sanyi?" Stosh ya dawo gida da riguna uku, ya zauna a kicin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Shekara arba'in da wani abu Dolores na ba da labarin nan, har jikokinta suna iya ƙarasa mata.

Hayaƙin ya tashi, daga baya ya mutu gabaki ɗaya. Kantin ma an rufe shi, agogon ya tsaya. Amma katin yana aiki, ana sayayya da shi ta waya, kuma duk wata takarda na zuwa da koren tambarin nan. A wurin Dolores, wannan ya isa shaida cewa gidan Vogelsang na nan.

Sai Stosh ya kwanta ciwo shekara biyu. Abin da inshora ta ƙi ɗauka, katuna suka ɗauka: magani, man mota zuwa asibiti, gyaran tukunyar ɗumama gida. Ranar da aka binne shi, katuna biyar ne a jakarta, bashin ya haura dala dubu talatin, ita kuwa sai ɗan kuɗin tsufa na gwamnati. Masu karɓar bashi suka sa ta gaba da waya, har ta koma ba ta ɗauka ko da ɗanta ne ke kira.

Bernadette, ƙanwar Stosh, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ita ta tsaya mata a kai.

"Dolly, ki je kotu ki ce kin karye, a yafe miki. Rabin layin nan sun yi. Ke wace ce, matar gwamna?"

"Yaya ake yi?"

"Lauya zai rubuta duk masu binki, kotu ta aika wa kowa takarda, shi ke nan. Ba mai sake kiranki."

"Kowa da kowa?"

"To da wa za a bari, Fafaroma?"

Nan Dolores ta tsaya. Bankunan da ke da sauran katuna huɗun ba ta san fuskar kowa a cikinsu ba, su sha takardarsu. Amma a ce takarda ta isa gidan Vogelsang, 'ya'yan tsohon nan su buɗe su ga sunan Pawlak cikin waɗanda suka ci kuɗinsu suka gudu? Ta gwammace ta bi Stosh.

Dala dubu ɗaya da ɗari da arba'in ne a kan koren katin. Abu ɗaya ne a gidan da zai kawo wannan kuɗi: akodiyan Stosh, abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana ja ana matsawa kamar zugazugin maƙera. Babu bikin da aka yi a cocinsu cikin shekara hamsin ba da shi ba. Da shi Stosh ya yi zawarcinta, a tsaye ƙarƙashin tagarsu, har ubanta ya watso masa ruwan wanke-wanke. Gus Mazurek, wani ɗan fansho a cocin, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa. Ta kira shi, ya zo da kuɗi a ambulan, ya ɗauka. Washegari ta biya koren katin tas, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Mako biyu bayan nan ta zauna gaban lauya, Colleen Dombrowski, wadda Dolores ta sani tun tana yawo da majina a bayan uwarta. Colleen ta jera katuna huɗu a tebur ta ce irin wannan bashin ba shi da jingina, kotu za ta share shi duka. Sannan ta ci gaba da tambayoyin takarda.

"Misis Pawlak, cikin kwana casa'in da suka wuce, kin biya wani mai binki fiye da dala ɗari shida?"

Dolores ta gyara zama, har da ɗan alfahari. "Na biya Vogelsang. Ko sisi ba sa bina. Kada ki sa sunansu."

"Ina kika samu kuɗin?"

Ta faɗa mata. Colleen ta ajiye biro, ta cire tabarau.

"Wayyo, Misis Pawlak. Me ya sa ba ki fara zuwa wurina ba?"

"Ke, 'yar nan, biyan bashi laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma doka ba ta yarda mai shirin karyewa ya zaɓi ɗan lele cikin masu binsa ba. Dole in rubuta, rantsuwa za ki yi a kai. Wakilin kotu yana da ikon ya karɓo kuɗin nan ya raba wa duka biyar ɗin."

"Ya karɓo daga hannun 'ya'yan Vogelsang? Wannan ai ya fi takardar muni!"

Colleen ta jawo tsohuwar takardar koren katin, ta juya bayanta, ta sa yatsa a kan wani ƙaramin rubutu. Sunan wani banki ne a wata jiha da Dolores ba ta taɓa takawa ba.

"Sun sayar da sunan da tambarin tun kafin in gama makaranta. 'Yar tsohon ta ƙarshe ta rasu a Florida. Babu wani Vogelsang da zai buɗe takardar."

Dolores ta daɗe tana kallon koren tambarin. Can ta ce, a hankali, "To akodiyan fa? Ai da ma kotun za ta ƙwace shi."

Colleen ta so ta yi mata ƙarya, an ga alama a fuskarta. Amma lauya ce. "A'a. Kayan gida da abin kiɗa irin wannan, doka tana bar wa mutum. Da yana nan a ɗakinki."

Komai ya tafi yadda Colleen ta faɗa. Zaman wakilin kotu bai kai minti goma ba. Bayan 'yan watanni takardar yafiya ta zo, wayar gidan ta huta. Bernadette ta ce a je a roƙi Gus, Dolores ta ce ciniki ciniki ne, kuma da me za ta fanshe shi?

Da azumin coci ya zo, ranar Juma'a ta je cin soyayyen kifi a zauren ƙasa na cocin, inda aka saba. Ga Gus a kan dandamali, rungume da akodiyan, yana kashe wa jama'a kunne. Allah ya ba shi sha'awa, bai ba shi hannu ba. Duk sanda ya zo kan wani maɓalli na gefen dama sai sautin ya maƙale, ya yi ƙara kamar an taka agwagwa, mutane su ƙyalƙyale.

Dolores ba ta yi dariya ba. Ta san maɓallin. Tun daren ruwan wanke-wanken ubanta yake maƙalewa, Stosh kuma ya ƙi kai shi gyara, wai shi ne shaidar aurensu.

Ta ajiye cokali, ta ratsa tebura har gaban dandamalin.

"Gus, ba ta sama ake danna shi ba. Ta gefe, da ɗan yatsa, a hankali."

Ya gwada. Sautin ya fito sumul, irin na da, har wata tsohuwa a baya ta ɗago kai tana neman Stosh.

"Kai! Dolores, wallahi gobe ma zan kai shi a gyara."

Ta riƙe bakin dandamalin da hannu biyu. "Naka ne, Gus, ka biya. Amma don Allah kada ka gyara shi."